Saura Kaɗan

Zabirar Baba na rataye a ƙusa,
gizo-gizo ya fara saƙa a bakinta.
Aska huɗu, ƙaho uku, da dutsen washi
da tsakiyarsa ta lotsa kamar ludayi.
Shekara arba'in a gindin tsamiya ɗaya,
Ilu Wanzam, daga nan har Gujungu
babu ƙeyar da ba ta san yatsunsa ba.
In yaro ya tsandara ihu, in dattijo ya ƙosa,
maganarsa ɗaya ce: "Saura kaɗan."

Ciwon ya zo cikin azumin bazara,
shekarar da aka datse hanyar Kano.
Masassara, da tarin da ba ya kawo komai.
Inna ta kaɗa kuka, daddawa har zaure,
ya ce, "Tabawa, yau ruwa kika dafa?"
Muka yi dariya.
Rediyo na ta korona, korona,
muka ce ai ciwon masu hawa jirgi ne,
me zai nema a garin da kwalta ma ta ƙi zuwa?

Kwana goma sha biyu ya miƙe.
Har ya yi wa jikan Ɗan'azumi askin suna,
ya dawo da kan rago a leda.

Sai asubar Talata.
Na ji buta ta faɗi, ta gangara,
ruwa na bin ƙasa yana neman ƙafarsa.
Bakinsa ya karkace kamar an ja shi da ƙugiya.
Ya kira ni, sunana ya narke a harshensa.
Hannun dama, hannun askar,
ya zube gefe kamar igiyar guga.

Aka ce iska ce ta buge shi a bakin rijiya.
Aka kawo hayaƙi, aka shafa mai,
rana ta fito, ta take, ta karkata.
Ni na riƙe kaskon garwashin.
Wannan ban gaya wa likita ba.

A asibitin Ringim, ta bayan takunkumi,
likitar ta ce cutar takan tafi ta bar saƙo:
jini ya yi gudaji, ya bi jijiya,
ya toshe hanya a cikin ƙwaƙwalwa.
Ta tambayi ƙarfe nawa abin ya faru.
Na faɗa. Ta dubi agogo. Ta rubuta.
Ba ta ce komai ba, kuma na ji.

Mutumin da ya tsotse mataccen jini
daga bayan rabin ƙasar nan,
ga ɗan gudaji bai kai ƙwayar gero ba
ya ɓuya inda ƙaho ba ya kaiwa.

Damina biyu ke nan.
Ya koyi cin tuwo da hagu, yana jin kunyar kwano.
Yana jan ƙafa daga ɗaki zuwa inuwar darbejiya,
taku goma sha tara, Inna ke ƙirgawa.
Kalmomi sun watse kamar kasuwa da magariba,
biyu kawai suka tsaya kwashe kaya.
A tambaye shi jiki, a ba shi ruwa,
a ce masa wane ya rasu,
amsar dai ita ce.

Ni da na gudu daga aska na koyi gyaran babur,
ran Juma'a nakan sauko da zabira.
In jiƙa kansa, in ɗora ƙarfe,
hannuna mai baƙin mai yana rawa.
Makon jiya na yanke shi a bayan kunne.
Jini ya fito, ja, yana gudu abinsa,
na tsaya ina kallonsa kamar mai bin bashi.

Sai ya ɗago hagunsa,
ya kama wuyan hannuna, ya kwantar da askar kaɗan,
yadda ya so nuna mini tun ina ɗan goma.
Rabin bakinsa ya yi murmushi.
Ya ce, "Saura kaɗan."

Ban san wanne yake nufi ba.
Na ci gaba da aski.